Enzo Ferrari (1898–1988): Suna, Lamba da Asalin Mota

Gabatarwa

A watan Agusta na 2018 an yi gwanjon wata tsohuwar motar tsere a Monterey, cikin jihar Kaliforniya ta Amurka. Motar ƙirar Ferrari 250 GTO ce ta shekarar 1962, an kuma sallama ta a kan dala miliyan 48.4. Motoci da dama da ake sayarwa yau a kan kuɗi kaɗan sun fi ta gudu, sun kuma fi ta daɗin zama. Gangar jikin da ke kanta ma ba ita ce wadda ta fito da ita daga masana'anta ba, domin an sauya mata wata a 1964. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne lamba 3413 da aka buga a jikin shasinta, da tarin takardun da suka nuna tseren da ta shiga da hannuwan da ta bi tun daga farko.

Wannan maƙala ta bi diddigin rayuwar mutumin da motar ke ɗauke da sunansa. Tarihinsa ya nuna cewa Enzo Ferrari bai ɗauki motar da ta gama aikinta a bakin abin adanawa ba. Yakan sa a warware ta, a cire injinta a ɗora wa wata, a sake mata lamba, ko a kai ta ga masu narka ƙarfe. Girmama asali da ake zuba miliyoyi a kansa yau, a ƙarshen rayuwarsa da bayan mutuwarsa ya kafu. Ga ɗaliban kimiyyar harshe kuwa, labarin ya taɓo wata tsohuwar tambaya: me ke riƙe suna a jikin abu bayan abin ya sauya?

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Enzo Ferrari a birnin Modena da ke arewacin Italiya a watan Fabrairu na 1898. Rajistar hukuma ta nuna ranar 20 ga wata, shi kuwa ya rayu yana riƙe da ranar 18, bisa bayanin cewa dusar ƙanƙara ce ta hana mahaifinsa isa ofishin rajista sai bayan kwana biyu. Ke nan tun a takarda ta farko da ta ɗauki sunansa akwai saɓani tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake faɗa.

Sunan Ferrari ya samo tushe daga kalmar Latin ferrum, wato ƙarfe, ma'anarsa kuma maƙeri ko zuriyar maƙera. Yana cikin sunayen zuriya da suka fi yawa a Italiya. Sunan ya dace da gidan, domin mahaifinsa Alfredo yana da maƙera a jikin gidansu inda ake ƙera wa hukumar jirgin ƙasa kayan gadoji da rumfuna. Enzo bai yi nisa a karatun boko ba. A 1908, yana da shekara 10, mahaifinsa ya kai shi kallon tseren motoci a Bolonya, inda Felice Nazzaro ya yi nasara da motar Fiat. Daga nan sha'awar tsere ta shige shi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rushe gidan. A 1916 mahaifinsa da yayansa suka rasu a cikin shekara guda, maƙerar kuma ta durƙushe. An ɗauke shi soja a 1917, aka tura shi rundunar igwa ta kan duwatsu, inda aikinsa ya zama yi wa alfadarai takalman ƙarfe. Ya kamu da ciwo mai tsanani a 1918, aka sallame shi. Ya nufi Turin neman aiki a kamfanin Fiat, ba a ɗauke shi ba. Aikin da ya samu a ƙarshe a wani ƙaramin gareji ne da ke sayen ƙananan motocin ɗaukar kaya da soja suka gama da su, a tuɓe musu gangar jiki, a kai shasin Milan a ɗora masa gangar jikin motar fasinja. Enzo ne ke gwada shasin, shi ke tuƙa shi tsirara daga Turin zuwa Milan.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san Arlit. Garin ya kafu ne a ƙarshen shekarun 1960 saboda yuraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ma'adini a 1971, na COMINAK kuma ya fara a Akokan a 1978, ya rufe a 2021. A shekarun 1970 da 1980 Turawa sun riƙa tuƙo tsofaffin Peugeot 404 da 504 ta Tamanrasset da In Guezzam da Assamaka, su sayar da su a Arlit ko Agadas. A garin da kayan gyara ke da nisa, bakanike ba ya zubar da komai. Injin wannan mota yakan koma cikin waccan, akwatin giyar wadda ta yi hatsari yakan tayar da wadda ta daɗe a kan dutse. Duk da haka, idan motar ta isa gaban ƴan duwan, lambar shasi da takardar mallaka ake dubawa, da su ake tabbatar da cewa ita ce ita. Da irin wannan ido na bakanike Enzo Ferrari ya fara kallon mota, bai kuma sauya shi ba har tsufansa.

Shekarun Alfa Romeo da dokin aro

Daga Turin ya koma kamfanin CMN na Milan a matsayin direban gwaji, kuma da motarsu ya shiga tserensa na farko a watan Oktoba na 1919, a hawan dutsen Parma zuwa Poggio di Berceto. A 1920 ya shiga Alfa Romeo, ya zo na biyu a gasar Targa Florio ta tsibirin Sisili. Ya kasance direba mai kyau, amma bai kai sahun manyan zamaninsa ba. Baiwarsa ta fi bayyana wajen sanin mutane da haɗa su aiki. Yana cikin waɗanda suka janyo injiniya Vittorio Jano daga Fiat zuwa Alfa Romeo a 1923, shekarar da ya auri Laura Garello.

A watan Yuni na 1923 ya lashe tseren Savio kusa da Ravenna, inda ya haɗu da mahaifin Francesco Baracca, shahararren matuƙin jirgin yaƙi na Italiya da aka kashe a 1918. Baracca yakan zana baƙin doki mai tsalle a jikin jirginsa. Bisa ruwayar Ferrari, mahaifiyar marigayin ce ta ba shi shawara daga baya ya sa dokin a motocinsa. Ya ɗauki dokin, ya ɗora shi a kan launin rawaya, launin birnin Modena. Tambarin da ya fi kowane shahara a duniyar motocin tsere, aro shi aka yi daga jikin jirgin sama.

A 1929 ya kafa Scuderia Ferrari a Modena. Kalmar scuderia na nufin bargar dawaki, kuma ƙungiyar ta yi aiki kamar barga: tana kula da motocin Alfa Romeo, tana shigar da su tsere don attajirai masu sha'awa da ƙwararrun direbobi. Shi kansa ya bar tuƙin tsere a 1931, aka haifa masa ɗa, Alfredo, wanda ake kira Dino, a 1932. A cikin wannan shekara ne dokin ya fara fitowa a jikin motocin ƙungiyar, a tseren awa 24 na Spa a Beljiyam. Motocin da suka fara ɗaukar dokin Ferrari duk ƙirar Alfa Romeo ne. Da ɗaya daga cikinsu Tazio Nuvolari ya kayar da Mercedes da Auto Union a gidansu, a gasar Jamus ta 1935. A ɗaya gefen kuma, motar Alfa Romeo 158, wadda ta ci gasar duniya ta farko ta Formula 1 a 1950, a garejin Ferrari na Modena aka fara harhaɗa ta a ƙarshen shekarun 1930. Wato an yi motar Alfa mai tambarin Ferrari, an kuma yi motar da ta fito daga hannun Ferrari da sunan Alfa.

Shekarun da aka hana shi sunansa

A 1938 Alfa Romeo ta mayar da harkar tsere hannunta a Milan, ta naɗa Ferrari shugaban sashen. Zaman bai yi daɗi ba, ya bar kamfanin a 1939. Yarjejeniyar rabuwa ta haramta masa amfani da sunan Ferrari a harkar tsere har shekara huɗu. Saboda haka ya kira sabon kamfaninsa Auto Avio Costruzioni, ya ƙera motoci biyu don gasar Mille Miglia ta 1940, ya raɗa musu lamba kawai, 815, wato silinda 8 da lita 1.5. An haɗa su ne da kayan Fiat da yawa, har da wasu sassan injin. Alberto Ascari ne ya tuƙa ɗaya daga ciki. Dukansu biyu sun lalace kafin ƙarshen tseren, kuma ɗaya ce kawai ta rage a duniya yau. Har yanzu masu tarihin motoci na jayayya a kan ko ya dace a kira 815 Ferrari ta farko, tun da mutumin ne ya ƙera ta amma ba ta ɗauki sunansa ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya koma ƙera injunan goge ƙarfe, waɗanda aka kwaikwayo daga ƙirar Jamus. A 1943 ya ƙaura zuwa Maranello, wani ƙaramin gari a kudancin Modena. Jiragen ƙawance sun jefa wa masana'antar bama-bamai a 1944 da 1945, aka sake gina ta.

Motar farko da harshen lambobi

A watan Maris na 1947, yana da shekara 49, Ferrari ya fito da motar farko mai ɗauke da sunansa, 125 S. Injinta mai silinda 12 ne, zanen Gioacchino Colombo. Ta fara tsere a Piacenza ranar 11 ga Mayu, ba ta kai ƙarshe ba, amma bayan mako biyu Franco Cortese ya yi nasara da ita a birnin Rum.

Sunayen motocin Ferrari na wancan zamani wani ƙaramin tsarin harshe ne mai ƙa'ida. Lamba 125 tana nuna abin da silinda ɗaya ke ɗauka, santimita kubik 125, idan aka ninka sau 12 a sami lita ɗaya da rabi. Haka 250 ke nufin lita 3. Haruffan da ke biye suna nuna aikin motar ko gasar da ta ci, kamar MM da ke tsaye a madadin Mille Miglia. Ban da sunan ƙira, kowace mota tana da lambar shasi tata ita kaɗai, kuma shekaru da yawa kamfanin ya riƙa ba motocin tsere lambobin cika, motocin titi kuma lambobin mara. Sunan ƙira kamar sunan zuriya yake, lambar shasi kuwa ita ce sunan yanka.

An ƙera 125 S guda biyu ne kawai, masu lamba 01C da 02C. Ba a ajiye ko ɗaya a yadda take ba. Kamfanin sabo ne, kuɗi sun yi ƙaranci, don haka aka warware su, aka yi amfani da sassansu wajen gina ƙirar da suka biyo baya. Wasu masu bincike na ganin cewa shasin 01C shi ne aka sake buga wa lamba 010I aka sayar da shi a matsayin sabuwar mota, wasu kuma ba su yarda ba.

Akwai wani dalilin da ya ƙara dagula batun asali. Ferrari shasi da inji yake ƙerawa. Gangar jiki aikin wasu gidaje ne daban, irin su Touring da Vignale da Pinin Farina da Scaglietti, inda masu sana'a ke bugun farantin alminiyam da guduma har ya ɗauki siffa. Da wuya a sami motoci biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Mai mota kan iya mayar da ita bayan shekara biyu a sake mata jiki na sabon yayi, babu wanda ke ganin an ɓata wani abu.

Nasara da makoki

Nasarori sun zo da sauri. Ferrari ta ci Mille Miglia a 1948, ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1949 ta hannun Luigi Chinetti, wanda daga baya ya buɗe mata kasuwar Amurka. A 1951 José Froilán González ɗan Ajantina ya kayar da Alfa Romeo a Silverstone ta Ingila, nasarar farko ta Ferrari a gasar duniya. Ascari ya zama zakaran duniya a 1952 da 1953. Enzo bai ɓoye cewa tsere ne burinsa ba, motocin titi kuwa yana sayar da su ne don ya sami kuɗin ciyar da bargar.

A 1955 Ascari ya mutu a filin Monza, kamfanin Lancia da yake yi wa aiki a lokacin ya janye daga tsere, ya miƙa wa Ferrari motocinsa ƙirar D50. Aka yi musu gyare-gyare, aka manna musu doki, Juan Manuel Fangio ya ci gasar duniya da su a 1956. A littattafan tarihi wannan kambu na Ferrari ne, alhali a Turin aka zana motar, a can aka ƙera ta.

A ranar 30 ga Yuni na 1956 Dino ya rasu yana da shekara 24, bayan doguwar jinyar ciwon da ke cinye tsokar jiki. Mutuwar ta girgiza mahaifin ƙwarai. Ya raɗa sunan ɗan ga injuna masu silinda 6 da saurayin ya sa hannu a tattauna zanensu kafin rasuwarsa. Da aka fito da ƙaramar motar titi ta Dino 206 GT a ƙarshen shekarun 1960, sunan Dino kaɗai aka sa mata, babu sunan Ferrari a jikinta, injinta kuma Fiat ce ke ƙera shi. Masu irin waɗannan motoci da yawa sun manna musu doki da kansu daga baya, abin da masu tantance asali ke ɗauka a matsayin aibi a yau.

Ba a cika shekara da rasuwar Dino ba, a watan Mayu na 1957, tayar motar Alfonso de Portago ta fashe a ƙauyen Guidizzolo ana dab da kammala Mille Miglia. Direban ya mutu tare da mataimakinsa da ƴan kallo tara, biyar daga cikinsu yara. Wannan ne ya kawo ƙarshen gasar. An tuhumi Ferrari da kisa ba da gangan ba, kotu ba ta wanke shi ba sai a 1961. A shekarar ce kuma Wolfgang von Trips ya mutu a Monza tare da ƴan kallo 15. Jaridu da malaman coci sun zarge shi da fifita nasara a kan rayukan matasa, waɗanda suka yi aiki da shi kuma sun sha bayyana yadda yake haɗa direbobinsa kishi don su ƙara wuta. Ya daina halartar manyan gasa, ya zauna tsakanin Modena da Maranello, yana bin tseren ta tarho da rahotannin ma'aikatansa.

Motoci uku, darasi guda

Abubuwa uku daga farkon shekarun 1960 sun fi komai nuna matsayinsa game da asali.

Na farko shi ne motar 156 wadda Phil Hill ɗan Amurka ya ci gasar duniya da ita a 1961, wadda ake yi wa laƙabi da mai hancin kifin shak saboda siffar gabanta. Da yayinta ya wuce, kamfanin ya sa aka sassare duk waɗanda suka rage. Babu ko ɗaya ta ainihi a yau. Duk wadda aka gani a wurin baje koli kwaikwayo ce.

Na biyu shi ne tseren Le Mans na 1963. Kamfanin ya riga ya yi rajistar mota mai lamba 0814, sai ta yi mummunan hatsari a Nürburgring ta Jamus makonni kafin gasar. Maimakon a sake takardu, sai aka aika ƴar'uwarta mai lamba 0816 da sunanta, ta kuwa yi nasara. A 1964 wannan 0816 ta sake cin gasar da lambarta ta gaskiya. Fiye da shekara 50 littattafai suna rubuta cewa motoci biyu ne daban, sai a 2018 aka bayyana abin da takardun masana'anta suka ƙunsa, aka gane mota ɗaya ce ta ci sau biyu.

Na uku shi ne 250 GTO kanta. Harafin O na tsaye ne a madadin omologato, wato wadda hukuma ta amince da ita. Dokar hukumar tsere ta duniya ta buƙaci a ƙera mota 100 kafin a amince da ƙira a wannan rukuni, amma 36 kawai aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. Ferrari ya kafa hujja da cewa motar ba sabuwar ƙira ba ce, ci gaban 250 GT ce da aka riga aka amince da ita, hukumar kuma ta karɓa. Motocin sun sha karo da gyara. Mai lamba 3851 ta yi hatsari a Montlhéry kusa da Paris a 1962, direbanta Henri Oreiller, tsohon zakaran wasannin Olamfik, ya mutu. Masana'anta ta sake gina ta, kuma a 2014 an sayar da ita a kan dala miliyan 38.1.

Ƙarshen rayuwarsa

Kuɗin tsere sun fi ƙarfin ƙaramin kamfani. A 1963 ya kusa sayar wa Ford, ya fasa a ƙarshe don yarjejeniyar za ta raba shi da ikon sashen tsere. Ford ta rama da cin Le Mans sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969. A 1969 Fiat, kamfanin da ya ƙi ɗaukarsa aiki shekara 50 da suka wuce, ya sayi rabin hannun jarin, aka bar masa jagorancin tsere. A zamaninsa direbobinsa sun ci kambun duniya sau tara, na ƙarshe ta hannun Jody Scheckter ɗan Afirka ta Kudu a 1979, motocinsa kuma sun ci Le Mans sau tara tsakanin 1949 da 1965. Jami'ar Bolonya ta ba shi digirin girmamawa na injiniya a 1960.

Batun suna ya bi shi har cikin gida. Yana da ɗa na biyu, Piero, wanda Lina Lardi ta haifa masa a 1945 a wajen aure. Yaron ya tashi da sunan mahaifiyarsa, bai ɗauki sunan Ferrari ba sai bayan rasuwar Laura a 1978. Motar ƙarshe da Enzo ya amince da fitowarta ita ce F40 ta 1987. Ya rasu ranar 14 ga Agusta na 1988 yana da shekara 90, aka binne shi a maƙabartar San Cataldo ta Modena kusa da Dino, a gaban ƴan mutane kaɗan. Bayan haka hannun jarin Fiat ya kai kashi 90 cikin 100, Piero ya riƙe kashi 10.

Abin da ya bari

Bayan rasuwarsa farashin tsofaffin Ferrari ya yi tashin gwauron zabi, ya faɗi a farkon shekarun 1990, ya sake tashi. Inda kuɗi suka taru kuwa, jabu ba ya nisa. An riƙa yanka motocin Ferrari masu araha ana ɗora musu jikin GTO. An sami lokutan da motoci biyu suka yi da'awar lamba ɗaya, ɗaya tana da guntun tsohon shasi, ɗaya tana da tsohon inji. A 2006 kamfanin ya buɗe sashen Ferrari Classiche a Maranello, wanda ke gwada lambobin shasi da inji da akwatin giya da takardun ƙira da aka adana, ya ba da shaidar inganci ga motar da ta haura shekara 20. Kamfanin da mai shi ya riƙa musanya lambobi ya zama alƙalin da ke yanke hukunci a kan wace lamba ce ta gaskiya.

Kalmar asali ta shigo Hausa daga Larabci, inda take nufin tushe ko saiwa. Idan Bahaushe ya tambayi asalin mutum, jerin iyaye da kakanni yake nema, ba naman jikinsa ba. Masanin falsafar harshe Saul Kripke ya kawo irin wannan ra'ayi game da sunaye a laccocinsa na 1970: ana raɗa suna a wani lokaci sananne, daga nan ya riƙa wucewa daga baki zuwa baki, kuma wannan sarƙa ce ke ɗaure sunan da mai shi ko da siffofinsa sun sauya. Malaman hadisi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke binciken isnadi kafin su karɓi matani. Tarihin mallakar tsohuwar Ferrari isnadi ne: wane ya karɓa daga wane, a wace shekara, da wace shaida. Inda sarƙar ta yanke, daraja takan faɗi ko da ƙarfen yana nan. Inda ta haɗu, ana yafe sabon jiki da sabon inji. Labarin 0816 kuma ya nuna cewa sarƙar kanta na iya ɗaukar kuskure tsawon shekaru, idan wanda ya raɗa sunan ne ya musanya shi.

A garuruwan yuraniyom tambayar inda ƙarfe ya fito tana da nauyin da ya wuce na farashi. A 2003 ƙungiyar bincike ta CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit, sun gano tarkacen ƙarfe masu ɗauke da burbushin yuraniyom a kasuwar garin, irin ƙarafan da maƙera ke mayarwa kayan gida. Ido ba ya bambanta irin wannan ƙarfe da mai lafiya. Sai an auna shi da na'ura, ko a san hanyar da ya biyo. Attajirin Monterey da magidancin Arlit tambaya ɗaya suke yi wa ƙarfe, sai dai ɗaya dukiyarsa yake karewa, ɗaya lafiyar iyalinsa.

A 1987, lokacin cikar kamfanin shekara 40, an so a nuna wa duniya motar da aka fara da ita, sai aka tarar babu ita. Aka sa aka ƙera sabuwar 125 S bisa tsofaffin zane da hotuna, Enzo Ferrari yana raye. Ita ce kamfanin ke nunawa a gidajen tarihinsa a matsayin hoton motar 1947.